Bayan an yanke wa ƙanena ƙafa: sharhi kan hidimar wata cibiyar haɗa ƙafar roba

Wannan sharhi ne a kan hidimar wata cibiya da ke haɗa ƙafar roba, take kuma koyar da tafiya da ita, wadda ƙanena ya shiga hannunta bayan an yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa sakamakon hatsarin mota. Ni ɗan rakiya ne kuma ɗaya daga cikin masu jinya, wanda ya zauna a ɗakin jira, ya riƙe sanduna, ya saurari bayanin ma'aikata, sannan ya koma gida tare da mara lafiya ya ga inda bayanin ya yi amfani da inda ya kasa. A ganina cibiyar ta ƙware ƙwarai a aikin hannu da bibiyar mutum bayan ya karɓi ƙafarsa, har ina iya tura wani can ba tare da fargaba ba, amma ta bar giɓi babba wajen kula da halin da zuciyar mai rashin ke ciki da kuma shirya iyalin da nauyinsa zai hau kansu. Na sakaya sunanta, domin fatana shi ne mai karatu ya samu ma'aunin da zai auna duk wata cibiya irinta da ƙaddara ta kai shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, yana kuma raunata tsakanin miliyan 20 zuwa 50, kuma ƙanena yana cikin waɗanda suka rayu da babban rauni. Ƙashin ƙwaurinsa ya dagargaje, jijiyoyin jini sun lalace, kuma duk da tiyatar da aka yi ta maimaitawa don a ceto ƙafar, ƙwayoyin cuta sun shiga raunin har likitoci suka ce jinkiri zai iya cin ransa. Shi da kansa ya sa hannu a takardar amincewa da yanke ƙafar, amma mahaifiyarmu ta daɗe tana zargin kanta, tana ganin da mun ƙara haƙuri da ƙafar ta warke. Likitan da ya karɓe mu a cibiyar ya lura da wannan nauyi tun kafin a faɗa masa. Ya juya wurinta ya ce, "Mama, ku kwantar da hankalinku, waɗanda suka yi aikin nan sun bar masa gwiwa, kuma gwiwar nan dukiya ce." Ya yi bayanin cewa wanda aka yanke wa ƙafa a ƙasan gwiwa saboda rauni yana kashe ƙarfin da ya ɗara na mai ƙafa biyu da kimanin kashi 25 cikin 100 idan yana tafiya, shi kuwa wanda aka yanke a cinya ƙarin kan haura kashi 60. Akwai kuma wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, wanda ya bi diddigin masu munanan raunuka a ƙafa tsawon shekara 2, ya gano cewa waɗanda aka yanke wa ƙafar da waɗanda aka yi ta gyara musu ita sun tashi kusan daidai wajen iya gudanar da harkokinsu, sai dai masu gyaran sun fi komawa asibiti da sake shiga tiyata. Tun daga ranar ban ƙara jin mahaifiyarmu ta tayar da maganar ba.

Abin takaicin shi ne wannan ganawa ta zo a makare. Tsakanin sallama daga asibiti da ranar da cibiyar ta ba mu, mun yi makonni a gida babu mai ce mana ga abin yi, alhali sunansa yana cikin rajistarsu, kuma kiran waya ɗaya ko takarda mai shafi guda ta wadatar. Waɗannan makonni ne mafi hatsari ga gwiwa. Mai sabon dungu yana jin daɗin lanƙwashe gwiwarsa, masu jinya kuma saboda tausayi sukan cusa masa matashi a ƙarƙashinta, ko su bar shi ya wuni a keken marasa lafiya dungun yana reto; idan aka ɗauki lokaci a haka sai jijiyoyin bayan gwiwa su ɗaure, ƙafar ta ƙi miƙewa, kuma gwiwar da ba ta miƙewa tana wahalar da haɗa ƙafar roba ƙwarai. Da likitar fisiyo, wato mai farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ta auna ta ƙanena, ta tarar ta fara ƙagewa, ko da yake abin bai yi nisa ba. Abin da iyali ke buƙatar sani ba shi da wuya: a bar gwiwa a miƙe lokacin zama da kwanciya, a sa katako ya tallafe dungun a kan keke, mara lafiya kuma ya riƙa yin ruf da ciki na ɗan lokaci kowace rana idan likitansa ya yarda, domin ƙugu ma yakan ƙage. Cibiyar da ta san wannan duka bai kamata ta jira sai mutum ya iso ƙofarta sannan ta faɗa ba.

Daga ranar da muka shiga hannunsu kuwa, aiki ya tafi a kan tsari. Kafin a yi maganar ƙafa sai da aka yi maganar dungu, domin sabon dungu a kumbure yake, kuma ba a yi masa awo sai kumburin ya saɓe ya ɗauki siffar da za ta shiga soket, wato kofin da dungu ke zama a ciki. Likitar fisiyo ta zaunar da matar ƙanena a gabanta, ta ɗauko bandeji mai talewa ta naɗa shi a gicciye, siffar lamba 8, matsin ya fi ƙarfi a ƙarshen dungu yana raguwa zuwa sama, ta kuma gargaɗe ta kada ta naɗa shi zobe-zobe, domin hakan yana tare jini ya ƙara kumburi. Ta warware, ta miƙa mata ta ce, "Bismillah, ke ma gwada." Hannun matar yana rawa, domin har zuwa ranar ba ta iya tsayar da ido a kan ɗinkin, balle ta taɓa shi. Likitar ba ta karɓe bandejin ba, ba ta kuma hanzarta ta ba. Ta ɗora hannunta a kan nata har suka kai ƙarshe, sannan ta sa ta sake ita kaɗai. A ranar ne matar ta daina tsoron jikin mijinta, kuma ina ganin wannan ɗan zama ya fi duk wata na'ura da ke cikin ginin daraja. Shi kansa an koya masa ya riƙa shafa dungun yana ɗan bubbuga shi, ya riƙa murza tabon a hankali bayan ya warke don kada fata ta manne da ƙashi, ya kuma riƙa wanke shi da dare maimakon da safe, saboda fatar da ta jiƙa takan yi laushi ta yi saurin saluɓewa a cikin soket.

Inda cibiyar ta fi burge ni shi ne ɗakin awo. Yawancinmu idan muka ji ƙafar roba hankalinmu kan tafi ga tafin da ake gani, alhali jin daɗin ƙafar ko azabarta yana ga soket. Ƙarshen dungu ba ya jure nauyin jiki, saboda haka aikin mai haɗa ƙafa shi ne ya karkasa nauyin a kan wuraren da ke iya ɗauka, kamar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, da gefen ƙwauri na ciki, da naman sharaɓa, ya kuma bar sarari a wuraren da ƙashi ya taso kusa da fata. Wannan tsari ya samo asali daga aikin da aka yi a Jami'ar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950, ko da yake sababbin hanyoyi sun fi son a baza nauyin a kan dungun baki ɗaya. Mutumin da ya yi wa ƙanena awo ya durƙusa a gabansa da fensir mai shuɗiyar tawada, ya sa masa siririyar safa, yana lalubar ƙashi da yatsa yana zagaye shi da alama: ƙoƙon gwiwa, da tudun ƙwauri, da kan siririn ƙashin da ke gefen waje inda wata jijiya ke ratsawa, da bakin ƙashin da aka yanke. A kowane wuri yana dannawa yana tambaya, "Malam, nan fa?" Ƙanena, wanda ya saba da cewa babu komai don kada a ɗauke shi mai raki, ya fara amsawa da "ba laifi". Sai mutumin ya ajiye fensirin ya ce, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ka ɓoye mini yau, kai za ka taka shi gobe." Daga nan ya naɗa bandeji mai farin garin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi, ya danna manyan yatsunsa biyu a gefen jijiyar gwiwa ya riƙe har ya sandare, ya zare shi alamomin duka sun fito a ciki.

Ba su wuce kai tsaye zuwa soket na dindindin ba. Sun fara yin na gwaji da roba garai-garai wadda ake hango fata ta cikinta, ta yadda inda ya matse fata kan yi fari, inda ya yi sako-sako kuma a ga rata. An gasa robar an buɗa ta a gefen waje, an cike wani wuri a baya, sannan aka ɗaura ta a kan bututun ƙarfe da tafi aka shiga daidaitawa. Mai haɗa ƙafar yana zaune a ƙasa yana kallon takunsa ta gaba da ta gefe, ya tsayar da shi, ya ɗan juya wani ƙaramin noti, ya ce ya sake. Kafin juyin nan gwiwa tana turuwa gaba da zarar diddige ya taɓa ƙasa, bayansa kuwa takun ya zauna. Duk cibiyar da za ta ɗauki awo ta ce a dawo a karɓi ƙafa a game, ba tare da wannan mataki ba, ina ba da shawarar a yi hattara da ita.

Wajen zaɓen kayan da za a haɗa ma sun gaya mana gaskiya. Ƙanena ya sha kallon bidiyon 'yan tsere masu ƙafafun kabon (wani abu mai ƙarfi mara nauyi) da masu gwiwa mai kwamfuta a intanet, ya zo da dogon buri, mu kuma a shirye muke mu sayar da abin da za mu sayar don kada a ce mun gaza masa. Sun bayyana masa cewa gwiwa mai kwamfuta, irin C-Leg da kamfanin Ottobock na Jamus ya fitar a 1997, ta waɗanda ba su da gwiwa ce, shi kuwa tasa ta Allah tana nan. Ƙafar tsere kuma ba ta da diddige, ba a zirga-zirgar yau da kullum da ita. Suka ajiye masa tafi iri biyu a kan tebur. Ɗaya shi ne SACH, tsohon samfuri na shekarun 1950, mai ƙaƙƙarfan ciki da diddige mai laushi, wanda ba shi da wani sashe mai motsi da zai lalace. Ɗayan na kabon ne, yana lanƙwasa ya adana ƙarfi idan an taka, ya mayar da shi idan an ɗaga. Shawararsu ita ce ya fara da mai sauƙin, a tanadi kuɗin na kabon har tafiyarsa ta zauna a san irin zirga-zirgar da zai riƙa yi. Mai neman ciniki kawai ba zai faɗi haka ba, kuma tarihin sana'ar yana goyon bayansu, domin tafin Jaipur mai araha da aka ƙirƙiro a Indiya a 1968, wanda ke ba mutum damar tsugunawa da tafiya ba takalmi, ya tayar da ɗimbin mutane tsaye. Abin da kawai suka matsa a kai shi ne safar silikon da ake sawa tsakanin fata da soket, irin wadda kamfanin Össur ya fara fitarwa a 1986, saboda tabon nasa ya ratsa ta kan ƙashi. Ta kare fatar kamar yadda suka ce, amma tana tara gumi sosai, kuma dole a wanke ta kullum a bar ta ta bushe, abin da ke nufin ana buƙatar guda biyu.

Wannan safa ce ta fara nuna mana cewa lissafin da aka ba mu bai cika ba. Takardar kuɗin farko ta ƙunshi ƙafar da zaman koyon tafiya kawai, mu kuma muka ɗauka shi ke nan. Sannu a hankali muka gane cewa dungu yana ci gaba da ramewa har shekara guda ko fiye, don haka soket na farko sai an sake shi. Safar silikon tana mutuwa cikin wata 6 zuwa 12. Ita kanta ƙafar ana sa ran sauya ta ko manyan sassanta bayan shekara 3 zuwa 5. Ma'aikatan ba sa ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan idan an tambaye su, amma iyalin da bai san abin tambaya ba ba zai tambaya ba. Gidan da mai ɗaukar nauyinsa ne ya kwanta yana buƙatar ya san abin da ke gabansa tun ranar farko, a rubuce, domin ya tsara neman taimakon 'yan uwa da abokan arziki kafin zafin tausayin mutane ya huce. Masu dubiya suna cika gida a makonnin farko, amma lokacin biyan kuɗin soket na biyu 'yan tsiraru ne suke saura.

Koyon tafiya an yi shi yadda ya kamata: tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu na dafawa, da sakar wa sabuwar ƙafa nauyi a gaban madubi, da sanduna biyu, da ɗaya, da matakala, inda ake fara hawa da lafiyayyar ƙafa a fara sauka da ta roba. Sun koya masa yadda zai tashi daga ƙasa shi kaɗai idan ya faɗi, sun kuma gargaɗe mu cewa mai sabon dungu kan farka da dare cikin magagi ya sauko daga gado zai taka ƙafar da babu ita, saboda haka a ajiye sanduna a bakin gado, a bar ƙaramar fitila a kunne. Darasin da ya fi tsaya mini a rai namu ne, mu masu rakiya. Duk lokacin da ya yi tangaɗi sai ka ga hannaye sun yi kansa. Likitar fisiyo ta kira ni gefe ta ce, "Malam, na san ƙauna ce, amma duk sanda kuka tare shi kafin ya gyara da kansa, jikinsa bai koyi komai ba. Ku tsaya kusa, ta ɓangaren ƙafar roba, ɗan baya kaɗan, amma ku bar hannunku a ƙasa sai ya nema." Ta ce a gida ma a daina miƙo masa duk abin da zai iya tashi ya ɗauko. Wannan ya yi wa mahaifiyarmu wuya fiye da kowa, har ta ɗauke shi rashin imani, amma ita ma ta ga yadda fuskarsa ta sake ranar da ya fara shiga wanka shi kaɗai a kan kujerar roba, bayan watannin da ya yi ana cire masa kaya ana mayar masa.

Ciwon ƙafar da babu ita shi ne abin da ya fi razana gidan. Da tsakar dare sai ya farka yana jin yatsunsa sun murɗe, ko ana soka masa wani abu mai zafi a tafin da aka riga aka cire, kuma ya daɗe yana ɓoyewa don tsoron kada a ce hatsarin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ma'aikatan cibiyar ne suka fara tambayarsa kafin ya faɗa, suka tabbatar masa cewa mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Abu ne da aka daɗe da sani, domin likitan tiyata na Faransa Ambroise Paré ya bayyana shi tun a ƙarni na 16, likitan Amurka Silas Weir Mitchell kuma ya yi rubutu a kansa a 1871 bayan ya kula da sojojin yaƙin basasar ƙasarsa. Jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da ƙafar kuma yana nan daram. Sun koya masa dabarar madubi, wadda masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990: ya zauna ya kafa dogon madubi tsakanin ƙafafunsa, ya ɓoye dungun a bayansa, ya riƙa motsa yatsun lafiyayyar ƙafa yana kallon hotonta, har ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɗayar ce ke warwarewa. Dabarar ba ta yi wa kowa aiki, kuma sun faɗa masa haka. A wurinsa ta rage murɗewar, amma sukar ba ta lafa ba sai da likita ya rubuta masa maganin ciwon jijiya, ya kuma fara sa ƙafar roba a kai a kai.

Wannan ne iyakar abin da suka taɓo na daga cikin ransa, kuma nan ce babbar gazawarsu. A duk tsawon zuwanmu babu wanda ya zaunar da ƙanena ya tambaye shi yadda yake barci, ko abin da yake gani idan ya rufe ido, ko yadda yake ji idan an shigar da shi mota. Wanda ya rasa ƙafa a hatsari yana ɗauke da rashin gaɓa da kuma firgicin ranar, kuma ciwon damuwa ya yawaita a tsakanin irinsu. Nasa bai fito fili ba sai bayan ya karɓi ƙafar, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Ya koma mai saurin fushi, ya daina karɓar baƙi, wata rana da dare ya ce mini, "Yaya, kowa yana murna na tashi, ni kuwa yanzu ne na tabbatar ba za ta dawo ba." Da na kai wa cibiyar wannan magana, amsar da na samu ita ce ba su da ma'aikacin wannan fanni, ba su kuma da wani wuri da suka saba tura mutane. Sai da muka nemo masanin halayyar ɗan Adam da kanmu. Wurin da kowane mai shigowa ya yi babban rashi bai kamata ya zauna haka ba.

Matarsa kuwa, bayan darasin bandejin nan, babu wanda ya ƙara tunawa da ita. Ita ke tashi da dare, ita ke wanke safa, ita ke shanye fushin da ba ya iya sauke wa kowa sai ita, ga yara, ga tunanin gobe. Ta rame a idonmu, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba, domin tana ganin mai ƙafa biyu ba shi da bakin kuka a gaban mai ɗaya. Mu 'yan uwa ne muka raba rakiya da kwanan jinya a tsakaninmu don ta samu ta huta, amma wannan magana ce da ya kamata ma'aikaci ya faɗa wa kowane iyali a zaman farko, tunda sun sha ganin masu jinya suna karyewa. Shi kuwa abin da ya fi taimaka masa ya zo ne bisa katari. Wani magidanci da ya daɗe da ƙafar roba ya zo gyara, ya zauna kusa da shi a ɗakin jira, ya naɗe wandonsa ya cire ƙafar a gabansa ba tare da wata kunya ba, suka shiga hira a kan abubuwan da ƙanena ba zai iya tambayar likita ko ni ba, kamar komawa aiki, da tuƙi, da kallon da mutane ke yi, da zaman aure. A ƙasashe da dama ana horar da irin wannan mutum ya riƙa ziyartar sababbi tun suna gadon asibiti, kuma cibiyar tana da tsofaffin marasa lafiya da za su yi haka da farin ciki idan an neme su.

Bibiyar bayan karɓar ƙafa ce ta sa duk da waɗannan ƙorafe-ƙorafe nake tsayawa a bayan cibiyar. Sun koya masa ya riƙa duba dungun kowane dare da ƙaramin madubi, har bayan gwiwa, kuma duk jan da bai ɓace ba bayan minti 15 zuwa 20 da cire ƙafa alama ce ta matsin da ke buƙatar gyara. Sun ba shi safunan dungu masu kauri daban-daban, domin girman dungu yana sauyawa ko a cikin wuni ɗaya. Idan ya ji yana nutsewa cikin soket har bakin ƙashi yana taɓa ƙasa, sai ya ƙara safa. Sun hana shi sauya takalmi zuwa mai tsayin dunduniya dabam ba tare da an sake daidaita ƙafar ba. Lokacin da bororo ya fito masa a tudun ƙwauri, mun aika hoto ta waya, suka ce ya ajiye ƙafar ya koma kan sanduna, suka gan shi ba tare da ya shiga sabon layi ba, kuma ba su karɓi komai a kan gyaran ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da ƙa'idojin wannan hidima a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 a duniya ke buƙatar gaɓar roba ko abin tallafar gaɓa, kuma kusan 1 cikin 10 ne ke samu. Daga cikin masu samun ma akwai waɗanda ƙafarsu ke ƙarewa a jingine a lungun ɗaki, saboda ta fara yi musu ciwo kuma babu wurin mayar da ita. Shi ya sa wajen zaɓen cibiya sauƙin komawa gare ta ya fi sunan kamfanin da ke jikin tafin muhimmanci.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma suka dame ni. Lokacin ganawa ba ya tsayawa inda aka sa shi, ban-ɗakin ɗakin jira kuma ƙofarsa da ƙyar keke ke shiga, babu ko ƙarfen dafawa a bango. Idan gyaran babba ne ƙafar kan kwana a wurinsu, don haka kada iyali su yi gaggawar kyautar da keke da sanduna ranar da aka karɓi ƙafa. Na rubuta wa shugabannin cibiyar waɗannan ƙorafe-ƙorafe kafin in fitar da su nan, kuma sun amsa cikin mutunci: an kafa ƙarfe a ban-ɗakin, takardar bayani ga iyalai da cikakken lissafin kuɗi sun ce za su yi, amma batun mai kula da damuwa sun ce sai sun samu halin ɗaukar ma'aikaci. Kafin a samu wannan, duk wanda zai kai ɗan uwansa irin wannan wuri ya nemi taimakon a wani waje tun kafin ranar karɓar ƙafa, ya kuma roƙi ma'aikatan su haɗa mara lafiyarsa da wani da ya daɗe da tasa. Ƙanena ya koma aiki na rabin wuni, an sa masa ranar awon soket na biyu, kuma a can za a yi shi.